Rilwanu Tafinta da Kashi na Shida

A unguwarmu nan Gwandu, in ka ce kana neman Malam Rilwanu mai gyaran injin ban-ruwa, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Tafinta, ko akuyar bakin masallaci za ta nuna maka ƙofar gidansa. Dogo ne siriri, ga wuya kamar na zalɓe, hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji. Shekarunsa sun ba sittin baya. Turancin da ke cikinsa kuwa, in aka tattara shi duka aka zuba a cokali, ba zai cika ba. Ya iya gaisuwar safe, ya iya kiran mutum ya zo, ya kuma iya wani zagi guda da ya tsinta a tashar Jega. Da wannan ɗan guzurin ya yi shekara biyu yana fassara wa mutanen Gwandu finafinan Turawa, ba wanda ya taɓa kama shi.

Abin ya faro ne wajen shekarar 1983, lokacin da aka kafa wurin kallo a wani fili bayan kasuwa. Talabijin ɗaya ce, mai baƙi da fari, cikin akwatin ƙarfe, da janareta, da wani dogon ƙarfen eriya da ke kamo Sakkwato in iska ta ga dama. Rilwanu yana saurayi aka ɗauke shi aikin tayar da janaretar. Da an sallame magariba jama'a su shimfiɗa tabarmi, Bature ya fito ya yi ta motsa baki, kowa ya yi tsit. Wata rana wani tsoho ya gaji ya tambayi abin da mutumin ke cewa. Rilwanu, ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce cewa yake matarsa ta ƙona miya. Aka tuntsire da dariya. Tun daga ranar ya samu wurin tsayuwa a gefen akwatin, da ɗan tsinken kara yana nuni. Ya yi muryar mata, ya yi ta tsoho, ya yi haushin kare. Har ta kai in mura ta kama shi bai zo ba, rabin jama'a sai su naɗe tabarmi.

Ana haka aka fara nuna wani dogon shiri na Ingila, kashi shida, duk ranar Alhamis. Ba wanda ya iya faɗin sunansa, sai aka sa masa Gidan Bakin Ruwa. Wani ƙaton gida ne shi kaɗai a kan dutse, teku na dukan gindinsa. A sama wata mata tana kwance ba lafiya. A ƙasa wani gurgun Bature, ba ya dariya, ba ya yawan magana. Kowane mako sai a nuna shi ya haɗa shayi, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu ya ɗiga abu a ciki, ya ɗauki faranti ya hau bene. Ana jin tafiyarsa a kan katako, taku ɗaya, ja ɗaya. Ga wani busa mai sanyi da ake yi a bayan hoton, wanda ke sa mata su jawo 'ya'yansu jiki. Rilwanu tun kashi na farko ya yanke hukunci. Ya ce gurgun mijinta ne, guba yake ba ta kaɗan-kaɗan don ya gaji gidan.

To, a wancan lokacin akwai wani Bafulatani mai suna Sambo, yana zaune da shanunsa a gefen ƙauyen Ceberu. Bijimi ya taɓa taka shi yana yaro, ƙafar hagu ta ƙi miƙewa, sai jan ta yake. Matarsa Halima ta daɗe kwance tun wani ɓari da ta yi, ga shi ba su da wata mace babba a rugar, sai 'yarsu ɗaya Zulai mai shekara shida. Sambo da kansa yake dama mata kunu, ya tatso nono ya dafa, ya kai mata har shimfiɗa. Dama mutane na ɗan taɓa zancen, wai namiji da ludayi.

Ranar kashi na uku Sambo ya shigo gari sayen gishiri da kanwa, dare bai yi nisa ba tukuna, ya tsaya can baya yana kallon abin mamaki. Rilwanu ya hango shi daidai lokacin da gurgun ke hawa bene. Bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya ɗaga tsinken karan ya ce, "Ku dubi tahiyatai, ku dubi abin da ya riƙo. Wanga ai Sambon Ceberu na, an sa mai kwat."

Wurin ya kece da dariya, kowa ya waiwaya. Sambo ma ya yi murmushi irin na wanda bai gane ba, ya gyara sandarsa a kafaɗa ya tafi. Daga ranar Baturen ya rasa sunansa, Sambo ake ce masa. Ga Sambo zai hau bene, ga Sambo ya ciro kwalba. A kashi na biyar aka nuna an fito da matar a kwance, an lulluɓe ta, an sa a mota, gurgun yana tsaye a taga yana kallo. Rilwanu ya sassauta murya ya ce, "Sambo ya gama aiki."

Ranar Alhamis ke nan. Ranar Asabar Halima ta rasu.

Ranar Talata kuma aka yi wani hadari mai iska da ya karya ƙarfen eriyar nan gida biyu. Kafin a samu mai gyara wata uku sun wuce, shirin ya ƙare tuntuni. Ba wanda ya ga kashi na shida a Gwandu. Labarin ya tsaya a inda Tafinta ya ajiye shi, mutane kuwa suka ɗauka suka ƙarasa da kansu. Wata daga cikin matan da suka yi wa gawar wanka ta ce ta ga leɓɓan sun yi duhu. Wani ya ce ya taɓa ganin Sambo yana haƙar saiwa a bakin fadama. Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda ya tare shi ya faɗa masa a ido. Kawai dai 'yan ta'aziyya ba su yi yawa ba, waɗanda suka je ma suka ƙi shan ruwan da ya miƙa musu. In ya zauna a rumfar kasuwa sai a tuna da wani aiki a tashi. Kafin kaka ya kwashe shanunsa da 'yarsa ya koma Wurogauri, can ƙasar Kalgo, wurin wani ƙanen ubansa.

Da aka gyara eriya Rilwanu ya koma gefen akwati, amma abin ya ƙi. Ya buɗe baki sai ya ji kamar an zuba masa rairayi. Bai yi wata biyu ba ya ajiye tsinken kara, ya koma bin masu noman albasa yana gyara musu injin ban-ruwa, sana'ar da yake kai har yau. Ya yi aure, ya haifi bakwai, ya aurar da biyar. Mutum ne mai kirki, ba ya ƙin zuwa in an kira shi, sai dai in ka kawo masa inji mai tari zai mayar maka da shi yana atishawa.

Amma akwai abin da ke bin sa. Ba a duhu ba, da rana tsaka, lokacin da fadama ta yi shiru kowa ya shiga inuwa. Yana tafe a kan kunyar gona da jakar kayan aiki, sai ya ji a bayansa, taku ɗaya, ja ɗaya. Ya tsaya, abin ya tsaya. Ya waiwaya, ba kowa sai ganyen albasa. Matarsa ce ta fara fitar da zancen, don ta ga yana shigowa gida da baya-baya. Da unguwa ta ji, ai sai aka samu abin wasa. In ya wuce majalisa wani ya tashi ya bi shi yana jan takalmi a ƙasa. An yi ta yi har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo yana kiran sunan Sambo. Daga nan aka bari, ko da yake akwai masu yi a hankali in ya yi nisa.

In aka matsa masa da zancen, amsarsa ɗaya ce. Shi abin da ya gani ya faɗa. Gurgun Bature ya kashe matarsa, wannan kowa ya gani, in mutane sun ɗauka sun liƙa wa wani, ba shi ya aike su ba. A bar shi dai ya samu kashi na shida, za a ga gaskiyarsa. Ya sani sarai Baturen daban, Sambo daban. Amma a ransa ya ɗaure su da igiya ɗaya. In na cikin akwatin ya yi kisa, to shi tafinta ne kawai da ya isar da saƙo, yana iya barci. In bai yi ba, wannan ko tunaninsa ba ya so.

Haka ya yi shekaru yana nema. Zamanin kaset ya bi shagunan Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato. Tun da bai san sunan shirin ba, sai ya tsaya a gaban mai shago ya ɗauki faranti na ƙarya, ya ja ƙafa, ya yi busan da baki. Wasu su ba shi na Indiya, wasu su ba shi na 'yan dambe, wani a Jega ya ba shi sadaka ya yi masa addu'ar samun sauƙi. Zamanin faifai ya zo ya wuce, zamanin tura fim a waya ya zo, duk bai dace ba.

Bara ne abin ya faɗo daga inda bai zata ba. Yana da 'yar ƙanwa, Mubaraka, tana aiki a laburaren jami'ar da ke Kalgo. Ta zo gida hutun sallah, ta ji kawun nata yana busan nan a gindin inji, ta ɗauka a waya don ta riƙa tsokanarsa. A wurin aiki tana kunna wa abokan aikinta, wani dattijon malamin Turanci da ya yi karatu a Ingila ya tsaya cak, ya ce a sake kunnawa. Ya ce ya san shi. Tsohon shiri ne, can ƙasar ma an manta da shi, sai 'yan shekarun nan aka tono shi aka wanke hoton aka fitar da shi a faifai don masu kallo a gida. Kuma yana da shi, kashi shidan cif, a cikin kwali ɗaya.

Da saƙon ya iso Gwandu, mutumin da ya yi shekara arba'in yana nema sai ya fara ciwon ƙafa. Mako na farko ya ce akwai injin da ba zai iya bari ba. Na biyu ya ce hanya ba kyau. Na uku matarsa ta wanke masa babbar riga ta ajiye a kan gado. Ya sa ta ya shiga mota.

Da hantsin wata Asabar suka zauna a ɗakin Mubaraka, ta ɗora kwamfuta a kan kujera, ta sa faifan. Shi na shida kawai yake so, ta ce a'a, daga farko za a fara don ta gane kan labarin. Busan ya tashi. Rilwanu ya matso kusa. Ga gidan, ga tekun, hoton ya fi na da haske har kana ganin tsagar bango. Ga gurgun nan, bai tsufa ba ko da kwana ɗaya, shi kuwa da ke kallonsa duk haƙoran gaba sun zube. Bakinsa ya fara aiki da kansa, ya soma cewa ga mugun mijin nan zai haɗa shayi. Mubaraka ta ɗaga hannu tana saurare, sannan ta tsayar da hoton.

"Kawu, wannan fa ba mijinta ba ne. Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijin ya daɗe da mutuwa."

Ya ce ta sake saurara da kyau, Turawa suna da kwana-kwana a magana. Ta ce ba wani kwana, matar da bakinta ta kira shi yayana. A yaƙi ya samu raunin ƙafar. Abin da yake ɗigawa a shayi kuwa maganin zuciya ne da likita ya rubuta, ga shi ma an nuna takardar.

Ko minti goma ba a yi ba ke nan da fara kashi na farko. Suka ci gaba. Aka yi azahar, suka yi salla suka dawo. Ta kawo abinci bai taɓa ba. Duk maganar da ya taɓa sa wa mutanen nan a baki yana tune da ita, ga shi yanzu ana zare su ɗaya bayan ɗaya. Inda ya ce gurgun yana yi mata barazana, ashe labarin ƙuruciyarsu yake ba ta don ta yi barci. Wani mai fara'a da ke kawo furanni, wanda Rilwanu ya sa wa suna Mai Kirki har mata na sa masa albarka, ashe shi ne ke neman ranta saboda gidan. Da aka zo na biyar, wurin da aka fito da ita a lulluɓe, Mubaraka ta ce dabara ce, wan ne ya shirya a fitar da ita kamar gawa don ya ɓoye ta.

A kashi na shida aka nuna matar a tsaye a bakin teku, iska na kaɗa gashinta, ta riƙe hannun gurgun suna tafiya a hankali don kada ta bar shi a baya.

Rilwanu ya ce a mayar. Ta mayar. Ya ce a ƙara. Sau uku. Sannan ya ce, kamar mai tambayar hanya, "Ashe ba ta ma mutu ba." Mubaraka ta yi shirin tsokanarsa, don ita abin dariya ta ɗauke shi, sai ta ga ba alamar wasa a fuskarsa. A nan ya ba ta labarin Sambo, wanda ita ba ta taɓa ji ba. Ya tambaye ta ko Wurogauri na da nisa daga nan.

Washegari da safe suka hau kabu-kabu biyu. Suna isa suka yi tambaya, aka ce ai Sambo gurgu shekara huɗu ke nan da rasuwa, amma ga gidan 'yarsa can, ta auri ɗan baffanta, a ruga ɗaya suka zauna da uban har ƙarshensa. Mubaraka ta shiga ta yi sallama, ta fito da ita. Zulai ta zama dattijuwa, fara, doguwa, da jika goye a baya. Ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar bukka, ta zauna nesa kaɗan ta juyar da fuska gefe.

Rilwanu ya faɗa mata ko shi wane ne. Ta ce ta san sunan. Ya ba ta labarin tun daga janareta har jiya, bai rage ba. Ya ce bai taɓa jin Turanci ba, bai ga komai ba, bai san komai game da ciwon mahaifiyarta ba, dariyar jama'a kawai yake so. Ya ce ya zo neman gafara.

Ta daɗe tana jijjiga jikan ko da yake ba kuka yake ba. Sannan ta ce zancen ya riga su isowa Wurogauri. Tana da shekara tara wasu 'yan mata suka faɗa mata a bakin rijiya, suka ce ai har a talabijin an nuna. Ita 'yar fari ce, tsakaninta da uban akwai kunya irin tasu ta Fulani, ko sunanta ba ya kira, ita ma ba ta zama inda yake. To ta ina za ta tambaye shi, shi kuma ta ina zai fara? Tun ranar ba ta ƙara cin abin da hannunsa ya taɓa ba. In ya tatso nono ya ajiye mata a ƙofa, sai ta jira ya tafi ta zuba wa maruƙa. Da ta haihu, in ya dawo kasuwa da dabino ya ba yaran, sai ta bi su bayan ɗaki ta ɓamɓare daga hannunsu. Yana gani. Bai taɓa cewa komai ba, kuma bai daina sayowa ba har ƙafar ta hana shi zuwa kasuwa.

"Baba, gahwarar mi zan ba ka?" in ji ta. "Ni ma nema nikai. Kai sau guda kah hwaɗi. Ni shekara talatin da wani abu ina yi mai, kullum."

Rilwanu ya tambaya ko za ta nuna masa kabarin. Ta ce ita mace ce, ba ta bi gawa ba, ba ta taɓa shiga wurin ba. Mijinta ya tafi da shanu kudu sai damina, waɗanda suka haƙa kabarin kuwa biyu sun mutu, ɗaya ya ƙaura. Ruwan bara waccan ma ya bi ta kan maƙabartar ya kwashe itatuwan da aka kafa don alama. Ta ɗaga haɓa ta nuna masa can bayan gonar dawa, inda wasu bishiyoyin aduwa suke. Ya miƙe zai tafi, sai ta kira shi, karo na farko ta dube shi a ido.

"In ka same shi, ka hwaɗa mai har da nawa. Kai ka iya magana."

Mubaraka ta tsaya a bakin gonar, ya shiga shi kaɗai. Fili ne mai faɗi, tudun ƙasa birjik, wasu sun nutse, wasu ciyawa ta rufe, ba suna ba alama. Ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen wurin. Ya duba gabas ya duba yamma. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tsuguna a gaban wanda ya fi kusa da shi, ya yi addu'a, sannan ya faɗi nasa, ya faɗi na Zulai.

Limamin unguwarmu ya gaya masa ba sai ya wahalar da kansa ba, ya yi wa mamacin addu'a da sadaka daga gida, ya kuma wanke shi a gaban mutanen da ya ɓata shi. Ya yi hakan. Ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗa da bakinsa, sai dai waɗanda suka yi dariyar a wancan lokacin saura 'yan ƙalilan, matasa kuwa suka yi ta tambayar juna wane ne Sambo. Amma bai daina zuwa ba. Duk ranar Lahadi zai rufe rumfarsa, ko injin wa ke ciki, ya shiga motar Kalgo. Kowane zuwa kabari ɗaya yake ɗauka, ya tsuguna ya maimaita saƙon mutum biyu daga farko, ya ajiye ɗan dutse don kada ya maimaita wuri. In ya fito, Zulai tana tsaye a bakin gonar dawa. Ba ta tambayarsa komai, shi ma ba ya cewa komai. Ya gama layi biyu na wajen gabas. Masu kiwo a wurin sun ce kaburburan sun fi ɗari uku.